Wasiƙa daga Gilasgo: Wa zai zauna da yaron da aka kama?

Zuwa ga iyayena da 'yan'uwana na gida,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina rubuto muku daga birnin Gilasgo na yankin Sikotlan, a arewacin Birtaniya, a kan al'amarin da duk wanda na yi waya da shi a gida sai ya taɓo mini shi, wato faɗan daba da ƙwacen waya, da yaran da ko gemu ba su fara ba amma suna yawo da wuƙa da barandami. A Kano 'yan daba ne, a Gombe kalare, a Bauchi sara-suka, a Yola 'yan shila, kuma maganar da take fitowa daga bakin mutanen da aka cuta kusan iri ɗaya ce a ko'ina: a kama su, a kulle su, kada a sake ganinsu. Ban ga laifin wanda aka sassara wa ɗa saboda waya ba idan ya faɗi haka. Sai dai garin da nake zaune ya sha wannan masifa kafin mu, kuma hanyar da ya bi ta cancanci ku ji labarinta.

A farkon shekarun 2000 Gilasgo ta yi ƙaurin suna a Turai wajen kisa da wuƙa. A shekarar 2004 zuwa 2005 an kashe mutum 137 a Sikotlan, yankin da mutanensa ba su wuce miliyan biyar da 'yan kai ba. Samarin unguwanni suna da gungu-gungu, kowane da iyakarsa, yaro ba ya iya tsallaka titi zuwa wata unguwa ba tare da an far masa ba, kuma gabar gado ce, domin da yawa iyayensu maza sun yi irin wannan faɗa a kan irin waɗannan tituna. Tushen abin a bayyane yake. A shekarun 1950 an kwashe talakawa daga tsakiyar gari aka zuba su a manyan rukunin gidaje a bayan gari, irin su Easterhouse da Drumchapel, inda aka gina ɗakunan kwana amma aka yi jinkirin gina kasuwa da wurin wasa. Daga baya masana'antun ƙera jiragen ruwa na bakin kogin Clyde, waɗanda suka ciyar da garin shekara da shekaru, suka yi ta rufewa, magidanta suka zauna babu aiki, giya da ƙwaya suka shiga gidaje. Duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙu suke aiki, ko ya san Bompai da Sharaɗa lokacin da ake busa ƙahon tashi daga aiki, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Amma talauci shi kaɗai ba ya bayyana komai, tunda a gida ɗaya ake samun yaron da ya zama makanike da wanda ya zama ɗan daba. A nan ne mutanenmu sukan ce ka haifi ɗa ba ka haifi halinsa ba, su ɗauke hannu. Masu bincike na Jami'ar Edinbura, Lesley McAra da Susan McVie, sun bi rayuwar yara kimanin 4,300 da suka shiga sakandare a birnin Edinbura a 1998, suka yi ta bibiyarsu har suka girma. Sun gano cewa yaran da suka fi aikata ta'asa su ne kuma waɗanda aka fi cuta, ta hanyar duka a gida ko cin zali a titi ko rashin mai kula. Sun gano cewa korar yaro daga makaranta a farkon balagarsa tana daga cikin alamu mafi ƙarfi na cewa zai ƙare a kurkuku. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne na uku: idan aka ɗauki yara biyu masu laifi iri ɗaya da gida iri ɗaya, wanda hukuma ta fi ja zuwa cikin tsarinta shi ne ya fi jinkirin daina laifi, wanda aka ja wa kunne aka sallama kuwa sau da yawa yakan bari da kansa idan hankali ya zo masa.

Tsarin da Sikotlan take bi da yara masu laifi ya samo asali ne daga rahoton wani kwamiti da alƙali Lord Kilbrandon ya shugabanta, wanda ya fito a 1964. Kwamitin ya duba yaran da ake kawowa kotu saboda sun yi laifi, da waɗanda ake kawowa saboda an yi watsi da su ko an zalunce su, sai ya ga ashe yara iri ɗaya ne daga gidaje iri ɗaya, bambancin kawai ta wace ƙofa suka shigo. Saboda haka ya ba da shawarar a raba aiki biyu: tabbatar da ko yaro ya aikata abin da ake zarginsa ya zauna a hannun kotu, amma yanke shawarar abin da za a yi da shi a mayar da shi ga mutanen gari. An yi dokar a 1968, aka fara aiki da ita a 1971.

Ga yadda abin yake gudana. Idan 'yan sanda ko makaranta ko wani maƙwabci ya kai rahoton yaro, akwai jami'i na musamman da yake tacewa, kuma rahotanni da yawa a nan suke tsayawa, a haɗa iyali da masu taimako ba tare da wani zama ba. Idan ya ga akwai bukatar tilas, sai a kira zaman sauraro a wani ɗaki da ba kotu ba, babu mumbarin alƙali, babu akwatin mai laifi. Mutum uku ne suke zama, 'yan sa-kai daga cikin al'umma waɗanda aka horar kuma ba a biyansu albashi, za ka iya samun direba ko ma'aikaciyar jinya ko tsohon malami. Yaron yana nan, iyayensa suna nan, da ma'aikacin jin daɗin jama'a, wani lokaci da malaminsa. Ana tambayarsa inda yake kwana, da wanda yake ba shi abinci, da ranar da ya daina zuwa aji da dalilin dainawar. Idan shi ko iyayensa suka musanta zargin, sai a tura wa alƙali ya tantance hujja kafin a ci gaba. Mutanen nan uku suna da ikon sanya yaro a ƙarƙashin kulawar dole, a gidansu ko a wani gida, kuma wajibi ne a sake duba umarnin kafin shekara ta cika. Manyan laifuffuka irin su kisan kai suna tafiya kotu.

Kada ku ɗauka tsarin ba shi da aibu. Binciken Edinbura ɗin nan da kansa ya nuna cewa yaran unguwannin talakawa da 'yan sanda suka riga suka sani su ake ta maimaita kawowa. A 2018 wani yaro ɗan shekara 16 da ya taso a hannun hukuma ya kashe kansa a gidan yarin matasa na Polmont, kwanaki kaɗan bayan an kai shi jiran shari'a. Sai a 2024 aka daina kai 'yan ƙasa da shekara 18 can, kuma sai a 2021 dokar da ta mayar da shekarun ɗaukar alhakin laifi zuwa 12 ta fara aiki, alhali a maƙwabciya Ingila har yanzu 10 ne. Abin da nake yaba musu shi ne idan yaro ya mutu a hannunsu ba sa binne maganar tare da shi.

A 2005 'yan sandan da suke kula da Gilasgo da kewayenta suka kafa sashen rage tashin hankali, a ƙarƙashin John Carnochan da Karyn McCluskey, waɗanda suka fito fili suka ce kame ba zai kawo ƙarshen abin ba. Sun tsananta hukuncin yawo da wuƙa, amma kuma suka riƙa tara 'yan gungu a zauren kotu, likitoci su nuna musu raunukan da suke ɗinkewa, uwayen da suka rasa 'ya'ya su yi musu magana, sannan a ba kowa lambar waya da zai kira idan yana son koyon sana'a. Makarantu kuma suka rage kora, har ta kai akwai shekarun da yaran da aka kora kwata-kwata a duk Sikotlan ba su kai goma ba, lokacin da na Ingila suke dubbai. Cikin shekara goma kisan kai ya ragu da fiye da rabi.

A gida kuwa, dokar Final Kod da Arewa ta gada ta kare yaro ɗan ƙasa da shekara 7 ne kawai kai tsaye. Gidajen horar da kangararrun yara na tarayya da muka kwafo daga Birtaniya, irin na Kakuri da Ilori da Abeokuta, ita Birtaniyar ta soke irinsu tun farkon shekarun 1980. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003, wadda Kano ta yi tata a 2023, ta tanadi kotun iyali da kauce wa tsare yaro sai idan babu makawa, amma yaron da ba shi da takardar haihuwa da ido ake ƙiyasta shekarunsa, kuma ƙiyasin yakan kai shi ɗaki ɗaya da manyan ɓarayi. Duk mun ga hotunan 1 ga Nuwamba 2024, lokacin da aka gurfanar da yara a Babbar Kotun Tarayya a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa saboda zanga-zangar watan Agusta, bayan kusan wata uku a tsare, wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. An sake su ne bayan ƙasa ta ɗauki zafi, kuma ina yawan tunanin waɗanda babu kyamara a ranar tasu shari'ar.

Abin da Kilbrandon ya kawo ba baƙo ba ne a wurinmu. Addininmu ya koyar da cewa an ɗauke alƙalami daga yaro har sai ya balaga, kuma malamai sun bayyana cewa hakan ba ya zubar da haƙƙin wanda aka yi wa ɓarna, ana biyansa, yaron kuma a ladabtar da shi. Zauren mai unguwa ma ya daɗe yana wannan aiki. Abin da ya rasa shi ne doka da za ta tilasta wa ofishin 'yan sanda ya miƙo masa yaron da aka kama a karon farko da ƙaramin laifi, da horar da masu zaman, da rubutu, da mace a cikin masu zama tunda uwa ce ta fi sanin abin da ke faruwa a cikin gida, da kuma ranar da za a sake kiran yaron a ga ko ya koma aji ko wurin koyon sana'ar da aka haɗa shi da shi. Kuma irin wannan zama ba zai yi tasiri ba muddin ɗan siyasar da yake sayen ƙwaya yana raba wa yara lokacin zaɓe shi ne zai aiko a yi belinsu washegari.

Ina roƙon shugabannin makarantunmu, na boko da na Islamiyya, kada su sa hannu a takardar korar yaro sai sun zauna da mahaifinsa da mai unguwarsa sun san inda zai wuni daga gobe. Ina kuma roƙon lauyoyinmu da limamanmu su riƙa leƙa ɗakunan tsare mutane na unguwanninsu suna tambayar shekarun waɗanda suke ciki.

Wassalamu alaikum.

Ɗan'uwanku,
daga Gilasgo, Sikotlan.