Gansakukar Duwatsun Shere a Kan Takarda

Idan damina ta fara ja da baya nake hawa duwatsun Shere, gabas da Jos, ɗibar gansakuka. Kayan aikina ba su da yawa: wuƙa, tsohon burushin haƙori, farar takarda mai kauri, tsoffin jaridu da fensir.

Dabarar busar da gansakuka a kan takarda ta mutanen da ce. Friedrich Welwitsch, likita ɗan ƙasar Ostiriya, ya isa Angola a 1853, ya yi shekaru yana tattara tsirrai a tsaunukan Pungo Andongo da tudun Huila. Shi ne ya bayyana cewa baƙin da ke rufe duwatsun Pungo Andongo gansakuka ce mai suna Scytonema. Ya rasu a Landan a 1872. Sai a 1897 William West da ɗansa George, masana daga Ingila, suka buga bayanin gansakukar da ya busar. Shekara kusan arba'in tana ajiye, amma ta nazartu.

Abin da ya ja hankalina ke nan. A wurinmu kwalba kan fashe, ruwan magani kan ƙafe, firji kuma sai da wuta. Takarda ba ruwanta da duk wannan.

Gansakuka mai zare-zare nakan baza ta a cikin faranti da ɗan ruwa, in zura takarda ta ƙasa, in ɗago a hankali har ta kwanta. In rufa mata ƙyalle, in sa tsakanin jaridu, in danne da dutse, kullum ina sauya jaridar har ta bushe. Santsin da ke jikin duwatsun rafi kuwa da burushi nake goge shi. Yawancinsa diatom ne, wasu 'yan mitsi-mitsin gansakuka masu ɓawo irin na gilashi, bushewa ba ta ɓata su. Desmid, wasu 'yan mitsi-mitsin gansakuka kore, sun fi wuyar sha'ani: ciyawar cikin ruwa ake matsewa a tara ruwan da ya ɗigo, kuma sukan yamutse in sun bushe, don haka su kaɗai nake zubawa a kwalba da ɗigon aidin.

Lokaci ma da nasa hukuncin. Spirogyra, wata gansakuka mai zare-zare, tana kore shar, gwanin kyau, amma a haka ba ka iya faɗin nau'inta. Sai kududdufi ya fara ƙafewa, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ta yi ƙwayoyin iri, sannan madubin kimiyya ya nuna maka ko wace ce.

Bayani kuwa a bakin ruwan nake rubuta shi, da fensir domin tawada na zuba: wuri, kwanan wata, tsayin tudu, ruwan gudu ne ko kwantacce, inuwa ko rana. Nakan ƙara da ko akwai lambu a sama da rafin. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin desmid ba sa jure ruwan da taki ya shiga, ga shi noman rani sai ƙara matsowa gindin duwatsun yake yi. Shi ya sa yanzu rafukan da ke kusa da lambuna nake fara bi kafin in hau sama.