Tarihin Rayuwata: Zama da Ciwon Zubewar Gashi (Kashi na 9)

Makon jiya mun tsaya a daidai inda allurar fatar kai ta daina wadatarwa, aka fara zancen ƙwayoyin sha. Wannan makon zan jingine labarina gefe guda, domin wanda bai san yadda magungunan danne garkuwar jiki ke aiki ba, ba zai gane abin da ke tafe a kashi na gaba ba.

Ciwon da likitoci ke kira alofeshiya ariyata ba sanƙon gado ba ne, ba kuma makero ba ne. Makero yana zuwa da ƙaiƙayi da farin gari da karyayyen gashi, maganinsa daban. Cinyewar gaban goshi da matsattsen kitso ke jawowa ita ma daban. Namu fili ne sumul kamar kwabo, babu ciwo, babu gari, wani lokaci a gefensa a ga gajerun gashi masu siririn gindi. Dalilinsa, wasu fararen ƙwayoyin jini ne ke yi wa tushen gashi taron dangi, su ɗauke shi a matsayin baƙo. Ba su kashe tushen, sumar da shi suke yi. Shi ya sa kan da ya yi shekaru fayau zai iya sake tsirowa idan aka janye masa farmakin.

Kafin a rubuta komai, likitan fata yana auna yawan abin da ya zube da ma'aunin SALT. Ana raba kai gida huɗu: sama kashi 40, ƙeya 24, kowane gefe 18. Sifili na nufin gashi cikakke, 100 na nufin babu ko tsinke. Daga 50 zuwa sama ne ake cewa ciwon ya yi tsanani, kuma a nan ne aka saba fara maganar ƙwayoyi. Wanda ke da fili biyu ko uku, allurar tiramsinolon ta fi dacewa da shi: ƙarfin miligiram 2.5 zuwa 10 a kowace mililita, ana ɗiga kimanin 0.1 a kowane wuri, tazarar santimita ɗaya, duk mako 4 zuwa 6. Idan aka cika ƙarfi, fatar ta lotsa, kuma a baƙar fata wurin yakan yi haske ya daɗe bai koma ba.

Tsofaffin ƙwayoyin ba sai na daɗe a kansu ba. Firednisolon yana fito da gashi da wuri, amma da an rage shi gashin ya bi shi, ya bar mutum da kumburarriyar fuska, hawan jini, hauhawar sukari da raunin ƙashi. Danginsa ne wanda ake sha don ƙiba, wato sha-ka-fashe, ga wanda ke son ya san irin ɓarnar. Siklosporin yana taɓa ƙoda da hawan jini. Metotireksat kuwa, a rubuta wannan a bango: sau ɗaya ake shan sa a mako, yawanci miligiram 15 zuwa 25, tare da folik asid a wata ranar daban. Shan sa kullum bisa kuskure yana kashe mutum, kuma mai ciki ko mai neman ciki ba ta kusantarsa.

Abin da ya sauya lissafi shi ne rukunin da ke toshe sinadaran JAK. Waɗannan sinadarai su ne 'yan aiken da ke kai saƙon farmaki cikin ƙwayar jini, to idan aka tare ɗan aike, umarni ba ya isa. A 2014 ne labarin ya ɓulla daga wurare biyu a Amurka: Dakta Brett King na Jami'ar Yale ya ba wani mai ciwon fata tofasitinib, gashin jikinsa da ya zube gaba ɗaya ya dawo, sannan tawagar Angela Christiano a Jami'ar Columbia ta nuna irin haka da ruksolitinib. Sai a watan Yunin 2022 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da barisitinib, mai sunan kasuwa Olumiant, ga manya, miligiram 2 ko 4 sau ɗaya a rana. A Yunin 2023 aka ƙara da Litfulo, miligiram 50 a rana, daga ɗan shekara 12. A Yulin 2024 Leqselvi ya shigo, miligiram 8 sau biyu a rana. Shi tofasitinib, duk da shi ya buɗe ƙofar, ba don gashi aka yi masa rajista ba, amma likitoci da yawa na ba da shi miligiram 5 safe da yamma.

Yanzu ga alƙaluman da masu talla ba sa son a tsaya a kansu. A manyan gwaje-gwaje biyu na barisitinib, masu mutum kusan 1,200, bayan mako 36 waɗanda gashi ya rufe musu kashi 80 na kai ko fiye sun kama kashi 36 zuwa 39 cikin 100 a kan miligiram 4, kashi 19 zuwa 23 a kan miligiram 2. Wato a cikin mutum uku da suka sha babban awo, kusan biyu ba su kai can ba a mako 36 ɗin. Wasu sun cim ma daga baya, wasu ko kusa. Wanda zubewarsa ba ta wuce shekara huɗu ba, da wanda bai kai ga fayau ba, sun fi samun sa'a.

Gare mu, ba a wajen ƙwayar gizo ke saƙa ba, a wajen gwajin da ke gabanta ne. Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suka yi wa katutu, kuma dukansu biyu suna iya kwanciya lamo a jiki shekaru, garkuwa na danne da su. Ka sassauta garkuwar, su farka. Don haka kafin ƙwayar farko sai an yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka na jini ko na fata, gwajin hanta B da C, gwajin HIV, ƙidayar ƙwayoyin jini, aikin hanta, aikin ƙoda, da kitsen jini. Ba a fara barisitinib idan awon jini (himogulobin) ya gaza 8, ko a cikin fararen ƙwayoyin jini nau'in limfosait ya gaza 500, ko nau'in niyutirofil ya gaza 1,000. Mai raunin ƙoda ana rage masa awo, domin ta ƙoda maganin ke fita. Idan an ga tarin fuka mai kwance, shi ake fara yi wa magani. A nan ma akwai tarko: rifamfisin, ɗaya daga magungunan tarin, yana sa hanta ta ƙone tofasitinib da Litfulo da sauri har su rasa ƙarfi, don haka dole likitocin biyu su san da juna.

Sai rigakafi. Duk allurar da ke ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta ba a yin ta ana kan maganin, kuma ta shawara tana ciki. Mai shirin tafiyar da ke buƙatar katin nan mai ruwan ɗorawa ya yi ta tun kafin ya fara.

Bayan an fara, abin da ya rage jira ne, kuma jiran ne ke kayar da mutane. Gashi santimita ɗaya yake yi a wata, ko an sha me. Wata biyu, uku, madubi shiru. Abin da ke fara fitowa farin gashi ne siriri kamar na jariri, sai an karkata kai a hasken rana ake ganinsa, daga baya ya yi kauri ya yi baƙi. Ƙeya da bayan kunne su ne masu taurin kai. Gira da gashin ido sukan bi nasu lokacin. Dabarar da ke aiki ita ce hoto huɗu duk wata, sama, ƙeya da gefe biyu, a wuri ɗaya da haske ɗaya, domin ido na yau da kullum ba ya ganin ci gaba. Ba a yanke wa maganin hukunci kafin wata shida zuwa tara. Ana sake gwajin jini da hanta a watannin farko, kitsen jini wajen mako na 12. Wasu likitocin na haɗawa da ƙaramin awon minoksidil na sha, maganin da ke ƙarfafa tsirowar gashi. Da azumi kuwa, ƙwayar sau ɗaya a rana ba ta da wahala: a tsayar mata da sahur ko buɗa-baki, da abinci ko babu.

Ƙananan matsalolin da aka fi gani su ne mura, ciwon kai, ƙurajen fuska, ciwon fitsari da hauhawar kitsen jini. Akwai kuma ƙuraje masu raɗaɗi da ke fesowa a layi a ɓari ɗaya na jiki, daga ƙwayar ƙarambau da ta kwanta tun yarinta, wanda maganinsa ya fi ci idan an fara cikin kwana uku. Manyan su ne waɗanda ke rubuce cikin baƙin akwati a takardar maganin: cuta mai tsanani, daskarewar jini a jijiya, bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da ciwon daji. Gargaɗin ya samo asali ne daga binciken tofasitinib a kan masu ciwon gaɓoɓi 'yan shekara 50 zuwa sama da ke da haɗarin ciwon zuciya. A ganina matashi mai lafiya bai kamata ya firgita ba, amma mai shan taba, da wanda jini ya taɓa daskare masa, su zauna da likita su yi dogon lissafi. Ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ko tari ya wuce mako biyu da zufar dare, a tsayar da ƙwayar a tafi asibiti a ranar. Zazzaɓi ma ba a ce masa “maleriya ce” a sayi magani a kemis, a gwada tukuna.

Saura batun da ya kamata a faɗa wa mutum tun ranar farko, amma sau da yawa sai ya ji shi a makare. Maganin riƙe ciwon yake yi, ba ya cire shi. A gwajin da aka janye maganin ga waɗanda gashinsu ya dawo, mafi yawansu sun sake zubarwa. Don haka tambayar ba kuɗin kwalin farko ba ce, ta wata na 20 ce, da ko za a riƙa samun na gaske ba yankewa, da abin da za a yi idan aure ya zo ana son haihuwa, tunda ba a sha da ciki ko shayarwa. Idan za a rage, daga miligiram 4 zuwa 2 na barisitinib ake sauka a hankali bayan gashi ya zauna, likita na kallon hotunan.

Mako mai zuwa za mu koma kan labarin, daga ranar da sakamakon hoton ƙirji ya fito.