Talata: ni da bangon kapilar

Zafin Afrilu bai ɗaga mana ƙafa ba yau ma. Wuta ta ɗauke tun da hantsi, girup ya tashi, amma kafin na'urar sanyaya ɗaki ta kama, ɗakin gwaji ya riga ya ɗumame. Ga jinin mutane yana jira a firigo, yawanci na masu shirin aure da ke son sanin ko suna ɗauke da sikila, sai na wani yaro da aka turo daga Tibiri saboda ciwon ƙashi da ya ƙi barinsa.

Kamar kullum, na fara da jinin da muka riga muka san abin da ke cikinsa. Na'urarmu tana raba nau'o'in hemogulobin, wato furotin da ke ba jini jan launi, kowane nau'i ya fito kamar tudu a zane: A na yawancin mutane ne, S na sikila, C da A2 da F kuma wasu nau'o'in ne. Zanen da ya fito a kwamfuta bai kwanta mini ba. Tuddan da ya kamata su fito a tsaye, siriri, kowane shi kaɗai, sun fito a makare suna jan wutsiya, tudun hemogulobin C kuma ya haɗe da na A2. Na ce ba jinin kowa da zai shiga na'urar sai an gyara.

Rabi, ɗalibar da ke koyon aiki a wurinmu, ta ce, "Malam, ai ana gane S ɗin. Mutane fa tun safe suke zaune." Na ce mata ta jawo kujera.

Kapilar ɗin da ke cikin na'urar bututun silika ne, wani irin gilashi, raminsa bai wuce mikromita 50 zuwa 75 ba, wajen kaurin gashin kai. A cika shi da ruwan tampon, wanda ke riƙe pH (ma'aunin tsami ko kanwar ruwa) a wuri ɗaya, a sa ɗigon jinin da ido ba ya gani a bakinsa, a sakar masa wuta ta dubban volt. Bangonsa na ciki yana da caji nagatif, kuma cajin nan ne ke sa ruwan duka ya riƙa gudu zuwa ɓangaren da idon na'ura yake. Su hemogulobin, a pH 9.4 su ma nagatif ne, suna ja da baya, amma ruwan ya fi ƙarfinsu. Wanda cajinsa ya fi ƙaranci shi ke fara isa: C, sai A2, sai S, sai F, A ya zo a baya. Idon yana karanta su da haske mai tsawon nanomita 415, inda jan launin jini ya fi shan haske.

Bambancin da muke nema ƙanƙane ne ƙwarai. A gurbi na 6 na sarƙar beta, ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka haɗa hemogulobin, mai A yana da gulutamat, mai S yana da balin, mai C yana da lizin, tubala uku da cajinsu ya bambanta. Shi ke nan. A kan wannan ɗan caji ake faɗa wa mutum abin da zai iya gadar wa 'ya'yansa, shi ya sa ba na yarda da "ai ana ganewa".

Babbar matsalar furotin a kapilar ita ce mannewa a bango, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Da ya manne sai ya rufe cajin bangon, gudun ruwa ya ragu, tuddai su makara, wanda ya saki daga baya ya zama wutsiya. Tampon mai pH sama yana rage wannan, tunda bango da furotin duk nagatif ne, suna tunkuɗe juna. To amma tampon irin wannan, in aka bar shi a buɗe, yana shan iskar kabon, pH ɗinsa ya sauka a hankali. Wutar da ke ratsa shi ita ma tana canza shi. Sai kuma zafi: kowane digiri ɗaya yana sauya kaurin ruwan da kusan kashi 2 cikin 100, kuma in tsakiyar bututun ya fi gefensa ɗumi, tuddan sai su baje. A Maradi, a wannan wata, wannan ba zancen littafi ba ne.

Muka wanke kapilar da ruwan sud, wato soda mai ƙarfi, muka bi da tataccen ruwa, muka zuba sabon tampon. Na rage volt, na ƙara tsarma jinin, muka jira ɗakin ya huce. Aikin ya ci mana har bayan azahar. Zane na gaba ya fito tsaf, C a wurinsa, A2 a wurinsa, akwai ɗan kwari tsakaninsu. Rabi ta daɗe tana kallon allon, ta ce, "Wallahi Malam, kamar an canza na'ura."

Ina jin daɗin tuna cewa ciwon namu ne ya buɗe wannan hanya. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna, da elektroforez, wato wannan rabawa da wutar lantarki, cewa hemogulobin mai sikila ba ya tafiya kamar na sauran mutane. Siririn bututun ya zo da Jorgenson da Lukacs a 1981, Hjertén kuma a 1985 ya shafe cikinsa da poliyakrilamid saboda wannan mannewa. Ina so wata rana mu gwada mai shafin a nan, in an samu kuɗinsa.

Jinin yaron Tibiri ya fito da la'asar: tudun C, tudun S, babu A. Wato SC. Mahaifinsa ya ce an taɓa yi masa gwajin Emmel, aka ce yana da sikila, ba a ƙara komai ba. Gwajin Emmel iyakarsa ya nuna akwai S, ba ya raba AS da SS ko SC. Na tambaye shi, "Baba, an ƙara masa jini cikin wata ukun nan?" Ya ce ba a taɓa ba. Na rubuta takardar, na raka shi har ƙofar likita, na roƙe shi ya kawo sauran yaran gida a duba su, kuma a riƙa kai wannan ana duba idonsa, don SC yana taɓa ido.

Kafin mu tashi na sa Rabi ta rubuta a littafin aiki: pH ɗin tampon da safe da rana, zafin ɗaki, da mintin da A ya fito a kowane gwaji. Gobe zan nemi a saya mana ma'aunin zafi na bango da ƙananan kwalabe masu murfi. Jinin masu aure uku da suka rage shi ne aikin farko da safe, kafin rana ta ɗaga.