Wata bakwai ina koyon bin sawu: ga inda aka kwana

'Yan'uwa masu wannan sha'awa, barkanmu da war haka. Tun da ruwa ya ɗauke ban sake rubuto muku ba, har wani daga cikinku ya tare ni a Kwangila yana tsokanata wai ko kura ce ta cinye ni. Kura dai ba ta ci ni ba, hasali ma har yau ban taɓa ganin sawunta a ƙasa ba sai a hoto. Wata bakwai ke nan cif ina fita da ƙafa duk Asabar bayan sallar asuba, a nan Zariya, wani lokaci gindin Dutsen Kufena, wani lokaci gaɓar rafin Kubanni, yanzu kuma da ruwa ya ja baya na fi zuwa bakin Kogin Galma saboda laka.

Saboda sababbin da suka shigo cikinmu, abin da muke hari shi ne yawon kallon namun daji da ƙafa. Ba a mota ba. Mutum ya bi ja-gaba da ma'aikacin gandun daji mai bindiga, a shiga daji a jere, a kusanci dabba ba tare da ta tsorata ba, a kalle ta, a janye a bar ta tana harkarta. Wani Bature mai suna Norman Carr ake dangantawa da fara wannan tsari a kwarin Kogin Luwangwa na ƙasar Zambiya. A 1950 ya shawo kan Sarkin Nsefu ya keɓe wani yanki na ƙasarsa domin baƙi masu kallo, kuɗin shiga kuma su koma wa jama'ar wurin. Gandun Kuruga na Afirka ta Kudu ya buɗe irin wannan tafiya a 1978, kuma a can baƙi ba sa wuce takwas, da ma'aikata biyu masu bindiga. Da na fara karanta waɗannan abubuwa na ɗauka sai mai dala a aljihu zai koye su. Abin da wata bakwai suka nuna mini shi ne, giwa ce kawai babu a Zariya. Karatun ƙasa da na iska da na yin shiru duk ana koyonsu a nan, akuya da kare da makwarwa ne malaman.

Babban abin da ya canza mini tafiya shi ne haɗuwa da wani dattijo, tsohon maharbi, da ke da lambu a bakin Galma. Baba muke ce masa. Ya ajiye baka tun tuni, gwiwa ta hana, amma idonsa na nan garau. Ranar farko da ya gan ni na durƙusa ina ɗaukar hoton laka da waya, ya daɗe yana kallona kafin ya ce, “Malam, lafiya? Kuɗi ne suka faɗi?” Da na yi masa bayani ya yi dariya har da tari, ya ce a zamaninsu wanda ya bi sawu ya dawo hannu rabbana abin tausayi ne, yau ga mai boko ya mai da shi abin yi. Duk da haka ya yarda in riƙa biyo shi. Goro da ɗan sukari nake kai masa.

Darasinsa na farko ban taɓa jin sa a wurin kowa ba sai daga baya na tarar ja-gabannin can ƙasashen ma haka suke koyarwa: ka sa sawu tsakaninka da rana. Da hantsi, rana na ƙasa-ƙasa, duk ɗan rami da ke cikin sawun yana yin inuwa, sai ya fito raɗau kamar an zana. Ka juya mata baya, inuwarka ta rufe wurin, sai ka taka sawun zomo ba ka sani ba. Na gwada a kan sawun kurege guda ɗaya, na zagaya shi sau biyu. Daga yamma ina fuskantar gabas har jan wutsiyarsa na gani a kan ƙura. Daga gabas kuwa ƙasa ce kawai. Shi ya sa ƙarfe goma na yi nake naɗe littafina, don rana in ta hau tsakiya ƙasa takan rufe bakinta.

Yanzu bari in tona wa kaina asiri, don kada wani ya faɗa ramin da na faɗa. A watan Nuwamba na tarar da wani sawu a laka mai laushi, ƙato, ya kusa cika tafin hannuna, yatsu huɗu, ba alamar farce ko ɗaya. Na san ƙa'ida: dangin kyanwa suna ɓoye farcensu in suna tafiya, dangin kare ba sa iya ɓoyewa. Zuciyata ta fara dukan uku-uku. Na auna, na ɗauki hoto ta kowace kusurwa, na ruga lambu ina haki, na ce, “Baba, akwai damisa a nan!” Bai ko ajiye fartanya da sauri ba. Da muka isa, bai kalli sawun nawa ba ma tukuna. Ya bi layin gaba, taku kamar goma, inda ƙasa ta fi tauri, ya nuna mini da sanda: ga farata nan ɓaro-ɓaro. Laka ce ta zubo ta cike ramukan farcen a na farko, kuma ita ce ta baje shi ya yi girma. Sannan ya dawo ya sa ni na leƙa bayan tsokar tafin. Ƙullutu biyu ne, irin na kare. Na kyanwa da damisa da zaki uku ne. Daga ƙarshe ya nuna mini sawun silifa na yaro da ke tafe gefe da gefe da shi, har inda suka tsaya tare. “Ɗana,” in ji shi, “ka kama sawu ɗaya ka bar tafiyar. Damisarka tana da ubangida, kuma silifansa sun cinye a dunduniya.”

Tun ranar na sa wa kaina doka, ba na rubuta sunan dabba a littafi sai na bi sawunta aƙalla taku ashirin, na kuma duba abin da ke gefensa.

Sai maganar iska, wadda har yanzu nake fama da ita. Na cika tsohuwar safa da toka mai laushi na ɗaure bakin. In na girgiza ta, hayaƙin tokar ya nuna mini inda iska ta nufa, ko da fatata ba ta ji motsin komai ba. Ana so iska ta riƙa buso fuskarka, ta kwashe warinka ta yi baya da shi. Giwa ba ta da ƙarfin gani sosai, amma hancinta ba a wasa da shi, haka ma hancin bauna da na gwanki. A wannan hunturu abin ya zo da sauƙi a fili, tunda iskar daga arewa maso gabas take zuwa kusan kullum. Gindin Kufena ne ke ruɗa ni. Dutse yana murɗa iska, ka girgiza safa a nan toka ta yi kudu, ka matsa taku goma sha biyar ta dawo maka a ido. Na sha toka a baki ba sau ɗaya ba.

Tsuntsu kuwa ba ruwansa da warinka, motsi yake kallo. Da makwarwa nake gwada kaina. In na ji kukanta da sassafe a gefen gona, sai in nufe ta, in ƙirga takun da ya rage tsakaninmu lokacin da ta yi fir. A watan Yuli daga taku kusan sittin suke tashi. Makon jiya na kai ashirin da biyar, kuma ba tashi suka yi ba, sulalewa suka yi cikin karan dawa. Abin da ya taimaka: na daina nufarsu kai tsaye, ina bi ta gefe kamar mai wucewa, in sun ɗaga kai in tsaya cak, in sun koma tsattsaga in ƙara taku uku. Na kuma daina sa farar riga. Mai ruwan ƙasa nake sawa, da takalmin roba mai taushin ƙasa, don kambas ɗina na farko ƙara yake kamar ana taka busasshen ganye ko a kan yashi.

A nan Baba ya shiga ɗaki ya fito mini da burtunsa. Itace ne da aka sassaƙa kamar kai da wuyan tsuntsun burtu, an lulluɓe da fata, da igiyar ɗaurawa a goshi. Maharbi yakan ɗaura shi, ya rufa da baƙin zane, ya yi rarrafe cikin ciyawa yana kaɗa kai kamar tsuntsun na kiwo, namun daji su saki jiki tunda sun saba ganinsa. Ya ɗaura mini na gwada. Taku biyar na yi da gwiwa bayana ya ce bai san zancen ba, jikokinsa kuma suna ta birgima don dariya. Amma ina kwance a ƙasa ne na gane cewa abin da ake biyan dala a koya a Zambiya, kakanninmu sun daɗe da ƙwarewa a kansa. Niyya ce ta bambanta, su kibiya ce a ƙarshen tafiyarsu, mu kuwa kallo.

A hutun Disamba na samu na leƙa Yankari, kwana biyu. An kafa gandun a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962, ya zama na tarayya a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauci a 2006. Kallon da muka yi a mota ne, ta wajen Kogin Gaji, mun ga gwambaza da mazo da bauna daga nesa. Giwa ba mu dace ba, amma da aka tsaya a wani wuri na hango sawunta daga kan mota, na roƙi alfarma aka ɗan jira. Sai a ranar na fahimci karin maganar nan ta sawun giwa ya taka na raƙumi. Na gaba zagayayye kamar faifai, na baya mai ɗan tsawo, cikinsu duk tsage-tsage irin na faso. Ana cewa in ka auna kewayen sawun gaba ka ninka biyu, ka samu kimanin tsayinta zuwa kafaɗa. Igiyar awona na cikin jaka, ba halin sauka, na haƙura.

Jarrabawar da na faɗi a sansanin Wikki ce. Duk wanda ya je ya san gwaggon biri da mugun dawa suna yawo a cikin sansanin kamar 'yan gida. Na fito daga maɓuɓɓugar ruwan ɗumin nan, wadda zafinta ke kusan digiri 31 rani da damina, riƙe da leda mai burodi. Wani ƙaton namijin biri ya sauko daga kan katanga ya nufo ni, ba gudu yake ba, tafiyar ƙasaita kawai. Doka ta farko a tafiyar daji da ƙafa, wadda ni da bakina na sha maimaita muku: kada ka gudu, ka tsaya, ka saurari ja-gaba. Gudu yana tayar wa mai farauta sha'awar bi, kuma zaki da bauna da dorina duk sun fi mutum sauri. To, ni dai ban san lokacin da ƙafafuna suka yanke shawara ba tare da ni ba. Na tsinci kaina bayan wata mota, takalmi ɗaya a ƙafa, burodi kuwa ya riga ya canza mai shi. In biri ya sa na yi haka, ban san me toron giwa zai sa ni yi ba. Wannan ba a koyonsa a littafi, kuma shi ya sa ake sa mai bindiga a gaba, baƙi a jere a baya, ba hira.

Wani ya tambaye ni gandun Kamuku, tunda shi ne a jiharmu ta Kaduna, can Birnin Gwari. Kowa ya san halin da yankin ya shiga na rashin tsaro, ban ba kowa shawarar zuwa don sha'awa ba. Inda na sa a gaba shi ne gandun Mole da ke arewacin Gana, kusa da Larabanga. A can ana fita da ƙafa tare da ma'aikaci mai bindiga, kuma da rani giwaye na zuwa shan ruwa kusa da masauki. Na fara adashi, in Allah ya yarda baɗi.

Ko a nan gida ma a kula. Baƙon fuska da madubin hangen nesa a wuya yana sanɗa a bayan gari da asuba, a wannan zamani, ba kowa ne zai ɗauka makwarwa yake nema ba. Ni sai da na je na gaida mai unguwa na yi masa bayani, kuma ba na fita ni kaɗai. Masu noman rani a bakin Galma a yi musu sallama, a bi kan kunya, kada a taka musu tumatir don bin sawun guza.

Abin da ya gagare ni zuwa yanzu shi ne sanin daɗewar sawu. Baba yakan duba ya ce na jiya da magariba ne, ni in ga kamar yanzu aka taka. Ya ce in duba bakin sawun ko ya fara zubewa, ko ƙwaro ya ratsa ta kai, ko ƙurar hunturu ta kwanta a ciki. Don haka na share wani ɗan fili a bayan gida, na yayyafa ruwa, na kora akuyar gidanmu ta bi ta kai, ina dubawa safe da azahar da yamma. Kwana biyu ina samun abin rubutawa, a na uku kaji suka shiga suka tone wurin kaf. Na sake sharewa, wannan karon na kife kwando a kai.

Asabar mai zuwa Galma za mu, in an idar da asuba. Mai zuwa ya zo da safarsa ta toka da ruwan sha, ya sa waya a shiru, ya kuma taho wa Baba da goro fari, ya ce ja yana sa shi ƙwarnafi.