Hurricane da hanyar Kano

Jiya na shiga gidan tarihin sojojin saman Birtaniya da ke Hendon a Landan, na daɗe tsaye gaban jirgin yaƙin nan Hurricane. Farfela ɗaya ce a hancinsa, kuma bayansa da yadi aka lulluɓe shi, ba ƙarfe ba. Shi ya sa in harsashi ya huda shi sai a yi masa faci ya koma sama. A gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Birtaniya a 1940, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya fi takwaransa na Birtaniya, jirgin Spitfire, kakkaɓo jiragen Jamus, amma Spitfire ke shan yabo. Wallahi abin na ba ni haushi.

Ga wani abu kuma: a lokacin yaƙin, daga 1940, an riƙa harhaɗa irinsa a Takoradi da ke ƙasar Ghana ta yanzu, su biyo ta Legas, su sauka Kano da Maiduguri, su wuce Sudan har Masar.