Godiya ga waɗanda suka taya ni gano asalin hedifon ɗin Alhaji

Assalamu alaikum. Tun ranar Juma'a nake son yin wannan rubutu, hidimar gida ta hana. Mutane da yawa sun wahala a kan wani tsohon abin saurare da na tsinto a gwanjo, wasunsu ko sanina ba su yi ba, kuma a cikinsu akwai wanda yake bi na bashin neman afuwa.

Waɗanda suka zo duba mahaifinmu bayan aikin ido sun san likita ya hana shi karatu na ɗan lokaci. Sai ya koma wa tsofaffin kaset ɗinsa na tafsiri. Ƙaramin iyafis na waya yana sa masa ciwon kunne. Babban da ƙanena ya kawo, mai rufe kunne ruf, ga gumi a wannan zafi na Katsina, ga shi ran nan har aka idar da La'asar a masallacin ƙofar gida bai ji kira ba. Daga ranar ya ce kada wanda ya sake kawo masa shi ɗaki.

Ana cikin haka na bi ta wajen wani mai kayan gwanjo a wajejen Ƙofar Marusa, na hango wannan a ƙasan kwali tare da tarkacen caja da rimot. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Soson kunnen ya ruɓe, kana taɓawa yana zama gari, sunan da ke jiki datti ya cinye, filoginsa kuwa wani zagayayye ne mai haƙora biyar da ba ya shiga ramin komai a gidanmu. Na biya naira 4,500 bayan ya tabbatar mini yana yi. Wani yaro mai gyaran waya ya laƙa masa wayoyi ya jona da wayata, muka ji sauti can ƙasa kamar kukan sauro. Ya ce sifika ta ƙone, in jefar.

Na koma wajen mai gwanjo a fusace, na faɗa masa maganar da ba ta dace ba a gaban maƙwabtansa. Bawan Allah bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Yallaɓai, ga kuɗinka in kana so, amma wallahi ban san shi da lalura ba." Girman kai ya hana ni karɓa. Malam, na zo shago na ba ka haƙuri, amma tunda a bainar jama'a na ci maka fuska, a bainar jama'a nake sake cewa ka yafe mini. Kayanka lafiyarsa lau, ni ne ban san abin da na saya ba.

Godiya ta farko ga 'yan zauren WhatsApp na tsofaffin ɗaliban makarantarmu. Na ɗora hoto don a taya ni dariya, sai wani abokinmu da ke zaune a Kaduna ya ce in wanke sandar da ke bi ta kai da sabulu da tsohon buroshin haƙori, in haska fitila a karkace. Haruffa suka fito: Sennheiser, sannan HD 414. Shi ya tura ni wajen Baba mai rediyo a Ƙofar Ƙaura, dattijon da ya yi shekaru yana aikin na'urori a gidan rediyo kafin ya yi ritaya.

Baba, ban san da bakin da zan gode maka ba. Ko gama ciro shi daga leda ban yi ba ya miƙo hannu yana murmushi, kamar wanda ya ga abokin ƙuruciya. Ya zare wayar daga kowane kunne, domin ashe a irin wannan cire ta ake yi a mayar, ya ɗora mita a kan na dama, allura ta tsaya kusa da om 2,000 (om shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wutar lantarki). Na hagu ma haka. Ya ce, "Ɗana, sifikar da ta ƙone ba ta ba mita amsa. In ka ga biyu sun faɗi magana ɗaya, haka aka ƙera su." Ya bayyana mini cewa iyafis na waya yawanci om 16 zuwa 32 ne, ƙarfi kaɗan ya ishe shi. Wannan kuwa an yi shi ne don manyan rediyo da amfilifaya na zamanin da, wayar hannu ba ta da ƙarfin tura shi. Ya jona shi da wata tsohuwar amfilifaya da ke kan teburinsa, ya ɗora mini a ka. Sai da na waiga, na zaci mai karanta labarai yana tsaye a bayana.

A wajensa, da kuma abin da ɗan yayata ya binciko daga baya, na san asalinsa. Kamfanin na Jamus ne, Fritz Sennheiser ya kafa shi a 1945 kusa da Hanoba. A 1968 suka fito da HD 414, kuma shi ne hedifon na farko da aka bar bayansa a buɗe, iska da sauti suna ratsawa, maimakon a toshe kunne kamar da murfin kwano. An sayar da fiye da miliyan 10. Om 2,000 ɗin nan ma shaida ce, domin waɗanda aka yi daga baya ba su kai haka ba, wato namu cikin na farko-farko yake. Walkman na Sony da muke ganin ya tsufa sai 1979 ya fito, wannan samfuri ya girme shi da shekara 11.

Na so a yanke filogin a sa na zamani, Baba ya ƙi. Ya ce irin na Jamusawa ne da ake kira DIN, kuma yana cikin abin da ake gane tsufan kaya da shi. Ya tono wata matacciyar rediyo Grundig a ƙarƙashin benci, ya ciro soket ɗinta, ya like da dalma a guntuwar waya, ya sa babban filogi a ɗaya bakin. Na yi na yi ya karɓi kuɗin aiki, ya ce in kai wa Alhaji gaisuwa.

Ina godiya ga mai ɗinkin kujeru na unguwarmu da ya yanko mana soso mai laushi, sau uku yana ragewa har ya zauna daidai. Ɗan yayata kuma ya gano har yanzu ana yin soson irinsa, mai ruwan ƙwai da aka fi saninsa da shi, ya yi mana oda.

Jiya da yamma Alhaji yana kishingiɗe da shi a ka, kaset yana juyawa a dek ɗin da Baba ya ara mana, sai ladan ya ɗaga murya. Kafin in buɗe baki ya sa hannu ya danna maɓalli, ya ce a miƙo masa buta. Hajiya ce kawai take ƙorafi, wai tunda bayansa a buɗe yake, ita ma tafsirin take sha ko tana so ko ba ta so.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Dek ɗin na aro ne, wata ɗaya aka ba mu. Duk wanda yake da tsohon dek mai babban ramin hedifon da ba ya amfani da shi, ko a Katsina ko a Daura, ya yi mini magana, zan zo har gida in gani.