Saniya ta kwanta, sai a nemo wuƙa

Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na Kebbi ya san wanga abu. Dabba ta kwana lafiya, da safe a ga ta kasa tashi tana nishi, ba mai cewa a kira likitan dabbobi, abin da za ka ji kawai "ku yi maza ku yanka kar ta zama mushe". Kafin hantsi an feɗe, an kasa nama kashi-kashi ana saidawa da araha, wani ma bashi ake ba shi sai kaka ya biya. Wallahi abin na tsorata ni, kuma ban cika ganin laifin mai saniyar ba, don saniya guda yanzu ita ce jarin gida gaba ɗaya.

Matsalar ba kowane ciwo ke tsayawa jikin dabba ba. Akwai cutar saifa, wadda likitoci ke kira antaraks, dabba ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi ya riƙa fita ta hanci da baki da dubura kuma ba ya daskarewa, in an buɗe ciki a iske saifar ta kumbura suntum. Wanda ya feɗe, da wanda ya ɗauki fatar, da matar da ta wanke kayan ciki, duk suna iya kamuwa, kuma ƙwayar cutar tana iya zama cikin ƙasa shekaru da yawa. Shi ya sa ake cewa kar a buɗe irin wannan gawar ko kaɗan, a ƙone ta ko a rufe ta a rami mai zurfi. A watan Yulin 2023 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja, nan maƙwabciyarmu jihar Neja, lokacin da anka yi ta gargaɗin a bar cin ganda. Tarin fuka na shanu da bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, su kuma ta madarar da ba a tafasa ba suke shiga mutum, ga murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 a jihar Kaduna.

To in dabba ta kwanta wa mai ita zai kira? Mutumin da ke ruga can bayan Kamba ko gefen Yauri, kafin ya samu likita ya yi tafiya mai nisa, ya biya kuɗin mashin, ƙarshe sai ya koma wurin mai saida maganin dabbobi a kasuwa, a ba shi allura ya soka da kansa ba awo ba komai. Ga shanu na shigowa daga Nijar da Benin, a yankunan da tsaro ya lalace kuwa masu rigakafi ba su iya shiga daji sam.

Ba wai ba mu da kayan aiki ba ne. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato tun 1924 take, tana yin alluran rigakafi har da na saifa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana yaye likitocin dabbobi, ɗiyanmu ne a ciki, da yawa suna zaune ba aiki ko sun koma wata sana'a. A 2024 ma an kafa ma'aikatar raya kiwon dabbobi ta tarayya. Amma makiyayi bai ga ma'aikata ba, abin da zai gani shi ne ma'aikaci da mashin da akwatin sanyi na ajiye allura, yana zuwa kowace shekara ba sai annoba ta ɓarke ba.

Ni abin da na fi matsawa a kai shi ne diyya. In ka ce wa talaka ya rufe saniyarsa a rami bai samu ko sisi ba, ɓoyewa zai yi ya yanka da dare, ba wa'azin da zai hana shi. In ya san zai samu wani abu, da ƙafarsa zai kawo rahoto, kuma rahoton nan shi ne zai sa asibitin garin ya shirya kafin mutane su fara zuwa da gyambon cutar saifa mai baƙin tsakiya a hannu.

Sai kwata. Ya kamata a ce kowace safiya akwai jami'i tsaye tare da sarkin pawa, ya duba dabba tana raye, ya duba huhu da hanta bayan yanka, huhun da ya ga ƙuraje a ciki ya hana shi zuwa teburi. Ƙananan hukumomi suna karɓar kuɗin shiga kan kowace dabba ranar kasuwa, to don Allah a cikin kuɗin nan a fitar da albashin mai dubawa da man mashin ɗinsa.